Haƙƙin Kyanwar Unguwa a Kanmu

Babu lungun da mutum zai shiga a zongunanmu na Kumasi, ko Aboabo ne, ko Asawase, ko Sawaba, ko Sabon Zongo, bai ga kyanwa maras ubangida ba. Suna kan bola, suna bakin kwata, suna bayan rumfunan masu kifi da masu tuwo. Waɗansu sun rame har ana iya ƙirga haƙarƙarinsu, waɗansu idonsu ya ruɓe da ƙwantsa, waɗansu kuwa suna jan ƙafa don mota ko babur ya taka su. Mutanenmu game da su sun kasu uku. Akwai mai jifa, akwai mai kau da kai, akwai kuma mai tausayi wanda ya kan kai hannu ya cafke ba tare da ya san abin da ya ke yi ba, ya koma gida da cizo. A ganinmu dukan ukun nan suna bukatar gyara. Taimakon dabbar nan haƙƙi ne a kanmu, amma taimako ne da ya ke son sani, don kada garin neman gira a rasa ido.

Maganar haƙƙi ba daga bakinmu ta fito ba. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin wata mace da ta shiga wuta saboda kyanwa. Kulle ta ta yi har ta mutu, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuwa sake ta ta nemi nata ba. Littattafan nan biyu kuma sun kawo labarin mutumin da aka gafarta masa don ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, watau Abu Huraira, da 'yar kyanwa aka yi masa alkunya, har sunan ya danne na yanka. Imamu Malik, wanda yawancinmu mazhabarsa mu ke bi, ya kawo a cikin Muwaɗɗa yadda Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, matar ɗansa tana kallo tana mamaki, ya gaya mata Annabi ya koyar da cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a gidajen mutane. Don haka ne malamanmu su ke cewa ragowar ruwan da ta sha mai tsarki ne, sai fa in an ga ƙazanta a bakinta.

Musulmin dā sun fahimci wannan, har sun sa dukiyarsu a ciki. Sarkin Misira Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin lambu guda a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin birni waɗanda ba su da kowa. Har cikin ƙarni na 19 ana kawo musu nama kowace la'asar a farfajiyar kotun babban alƙalin garin. Wanda ya je Istambul a yau zai ga kwanonin ruwa da na abinci a ƙofar shaguna da harabar masallatai. To, mu da mu ke karanta hadisan nan a makaranta tun muna yara, yaya aka yi 'ya'yanmu su ke gwada ƙwarewar danƙo a kan kyanwa, manya na zaune a inuwa suna dariya? Abdullahi ɗan Umar da ya tarar da samari sun ɗaure kaza suna gwada harbi a kanta, suna ganinsa su ka watse, ya ce Annabi ya la'anci mai yin haka.

Mun san abin da waɗansu za su ce, wai baƙar kyanwa mayya ce, kukan da ta ke yi cikin dare kamar na jariri wai kurwar wani ta zo kamawa. Jama'a, mu ji tsoron Allah. Kukan nan na macen kyanwa ne sa'ad da ta ke neman muzuru, ko na muzurai biyu da su ke faɗa a kanta. Ƙyallin idonta cikin duhu kuwa wata 'yar fata ce a can bayan ƙwayar ido mai mayar da haske, irinta ce a idon akuya da na kare. Ba a ba kowa izinin kashe rai a kan zato ba. Wanda ya ji tsoro ya karanta Falaƙi da Nasi ya kwanta, ya bar baiwar Allah ta wuce.

Har wa yau, ko don amfanin kanmu bai kamata mu wulaƙanta ta ba. Cikin shekarar 1924 annobar da ƙuman ɓera ke yaɗawa ta faɗa wa Kumasi, zongo kuwa ya ji jiki ƙwarai, har hukumar lokacin ta rushe gidaje, daga baya aka gina Sabon Zongo. Cikin 2023 ma zazzaɓin Lassa, wanda a ke ɗauka daga fitsari da kashin wani irin ɓera, ya ɓulla a Accra. Lalle kyanwa ita kaɗai ba ta raba unguwa da ɓera, tsabta da rufe abinci da kwashe bola su ne babban magani. Amma duk mai shagon masara ko shinkafa ya san bambancin ɗakin ajiya mai kyanwa da maras ita. Tana yi mana aiki ba ta karɓar ko sisi.

Yanzu sai mu juya ga mai tausayi, don shi ne ya fi shiga hatsari. Kyanwar titi ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yaƙushi, balle in tana jin ciwo ko an rutsa ta a kusurwa. Haƙoranta sirara ne kamar allura, su kan shige can ciki su bar ƙwayoyin cuta, bakin raunin ya rufe, kafin kwana guda hannu ya kumbura. Abin da ya fi wannan muni shi ne ciwon haukan kare. Sunan ya kan ruɗi mutane su zaci kare kaɗai ke ɗauke da shi. Gaskiya ne kusan duk waɗanda su ka kamu daga kare su ka samu, amma kyanwar da mahaukacin kare ya ciza ita ma ta kan kamu, ta kuma sa wa mutum ta hanyar yawunta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ya kan ɓuya a jiki wata biyu ko uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Da zarar alamunsa sun bayyana, watau ruɗewa da tsoron ruwa da kasa haɗiya, kusan babu mai tashi.

Saboda haka, abu na fari shi ne a tsaya daga nesa a duba. Kyanwar da ta ke dalalar da yawu, ko ta ke tangaɗi, ko ta ke kai wa mutane da itace cizo ba dalili, ko ƙafafunta na baya su ka shanye ba tare da wani rauni da a ke gani ba, wannan ba ta kamun kowa ba ce. A janye yara, a rufe ƙofar wurin in yana rufuwa, a aika a kira ma'aikatan ofishin likitan dabbobi na gwamnati. Kada kowa ya ce zai gwada jarumtaka.

In babu ko ɗaya daga alamun nan, sai a gane wace iri ce. Wadda ta ɓata daga gida ta kan matso kusa da mutane, tana kuka, tana kallon fuska, jikinta ya yi buɗu-buɗu don ba ta saba da neman na kanta ba. Irin wannan a yi cigiyarta a maƙwabta, a faɗa wa ladan ya sanar bayan salla, wataƙila wata tsohuwa na can ta kwana uku tana nemanta. Wadda aka haifa a titi kuwa shiru ta ke yi, ta maƙale a ƙasa, ba ta yarda a haɗa ido, sai dare ta ke fita. A kuma dubi cikinta. In nonuwanta sun cika, gashin kewayensu ya zube, to tana shayarwa, 'ya'yanta na nan kusa. Wanda ya kama uwa ya tafi da ita ya bar 'ya'ya a rami, ya kashe rai huɗu ko biyar da sunan taimako.

Kamun kansa da haƙuri a ke yinsa, sannu ba ta hana zuwa. A zaɓi wuri guda da lokaci guda, bayan magariba ya fi, don a lokacin ta ke fitowa, ƙafa kuma ta ɗauke. A ajiye ɗan kifi ko guntun nama da ruwa mai kyau, a ja da baya a zauna, ba magana mai ƙarfi, ba zura mata ido. A yi haka kwana uku ko huɗu har ta saba. Sa'an nan a kawo keji mai ƙofa, ko akurkin kaji mai ƙarfi wanda aka wanke, a ɗaure ƙofar a buɗe, a sa abincin a bakinsa. Kashegari a tura abincin tsakiya, jibi a kai shi can ƙurya. Ranar kamu a rage mata abincin rana don ta zo da yunwa, a sa kifin gwangwani mai ƙamshi a ƙurya, a ɗaura doguwar igiya a ƙofar, mutum ya zauna nesa da bakin igiyar a hannunsa. In ta shige duk jikinta har wutsiya, sai a ja. Nan da nan a lulluɓe kejin da tsohon zane ko bargo, gama duhu ya kan kwantar mata da hankali, ta daina dukan ƙarfe da fuska. Kada a ɗana keji a tafi a bar shi cikin rana ko ruwan sama, kada kuma a sa yatsa ciki don lallashi.

Wadda mota ta buge, ba ta iya tashi, ba ta bukatar tarko. Babban mutum ya sa safar hannu mai kauri da riga mai dogon hannu, ya jefa mata tawul ko bargo ya rufe ta har kai, ya tura ta a hankali bisa faifan katako ko cikin kwali mai ƙarfi wanda aka huda wa ƙofofin iska. Ba a ɗaga ta ta wutsiya ko ta ƙafa, ba a sa mata zarge a wuya, ba a cusa ta a buhun leda a ɗaure baki, don numfashi zai ƙare mata. Wannan duka aikin manya ne. Yaro iyakarsa ya zo ya faɗa.

Daga keji sai wurin likitan dabbobi, a ranar ko kashegari. Gwamnatin Ghana tana da ofisoshin likitan dabbobi a ƙarƙashin Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona, jami'ar KNUST ta nan Kumasi kuma tana da makarantar koyon aikin. A riƙe kejin a lulluɓe a cikin mota, ba a but ba. In dole ta kwana a gida, a sa ta a ɗaki mai iska wanda yara da sauran dabbobi ba su shiga, da ruwa, da ɗan kasko na yashi don bayan gida. A wanke hannu da sabulu duk sa'ad da aka taɓa kayanta, don makero na iya tsallakawa daga jikinta zuwa kan yara. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa, akwai wata ƙwayar cuta a ciki mai iya taɓa ɗan da ke cikinta.

A nan ne masu kyakkyawar niyya su kan yi ɓarna da magungunan gida. Farasitamol da mu ke sha kamar gyaɗa guba ne ga kyanwa, ƙwaya guda tana iya kashe ta, don hantarta ba ta iya sarrafa shi. Kananzir da baƙin man mota da a ke shafa wa dabba mai ƙazuwa suna ƙona fata, ta kuma lashe su ta haɗiye. Maganin ƙuma da kaska na kare, da na feshin sauro, da yawansu suna sa kyanwa farfaɗiya har ta mutu. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, don haka ragowar miya ba abincinta ba ne. Madarar gwangwani da nonon shanu kuwa zawo su ke sa yawancinsu. Dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, ko nama maras yaji, da ruwa, sun isa. Masu sa gubar ɓera su ma su sani, kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma gubar na iya kama ta, ga kuma hatsarin yaran da ke rarrafe.

Game da jarirai da a kan tsinta a bayan tanda ko cikin tsohuwar taya, kada a yi gaggawar kwashewa. Uwar ta kan fita neman abinci ta yi sa'o'i, ba kuwa za ta dawo ba muddin mutane na tsaye a kansu. In suna kwance lumui, cikinsu a cike, jikinsu da ɗumi, uwarsu na nan. A ajiye mata abinci nesa kaɗan, a bar su tare har su kai mako 8, lokacin yaye ke nan, kuma lokacin da ya dace a nema musu gidaje. Sai in an ga yini ya wuce ba ta zo ba, suna ta kuka, jikinsu ya yi sanyi, sa'an nan a ɗauke su. Ɗumi su ke fara bukata kafin abinci, a naɗe kwalbar ruwan ɗumi da tsumma a sa kusa da su, a nemi shawarar likita a kan madarar da ta dace da su.

Saura babbar magana, watau yawansu. Macen kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, cikin kwana 63 ne zuwa 65, ta kan haihu sau biyu ko uku a shekara, kowace haihuwa 'ya'ya wajen huɗu. Yawancinsu a titi yunwa da ciwo ke cinye su tun suna ƙanana. Al'adarmu ita ce a zuba su a buhu a kai bayan gari ko bakin kasuwa a zubar. Wannan bai yi nisa da aikin matar nan ta cikin hadisi ba, kuma ba ya maganin kome, gama muddin bola na nan, waɗansu za su zo su maye gurbi. Dabarar da likitocin dabbobi su ke bi a ƙasashe da yawa ita ce a kama, a yi musu aikin hana haihuwa bayan an sa su barci da allura, a yi musu rigakafin haukan kare, in sun warke a mayar da su inda aka kamo su. Malamai sun yi saɓani a kan fiɗiye dabbar da ba a ci, amma da yawa daga malaman wannan zamani sun halatta in akwai maslaha, kuma gwani ne ya yi ba tare da azabtarwa ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi limaminsa. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin barinsu su mutu da yunwa a cikin ɗaurarren buhu. Kada kuma wani ya ɗauki reza ya ce zai yi da kansa yadda a ke yi wa bunsuru.

In kuwa tsautsayi ya gitta, kyanwa ta ciji mutum ko ta yaƙushe shi har fata ta ɓare, ga abin yi, muna roƙon iyaye mata su haddace shi. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a duba agogo, kada a yi wankin je-ka-na-yi-ka. A zuba aidin ko sifirit in akwai. Kada a sa toka, ko barkono, ko ganye, kada a ɗaure tamau. A tafi asibiti a ranar, ko Manhyia, ko Komfo Anokye, ko wanda ya fi kusa, a faɗi gaskiyar abin da ya faru, a karɓi alluran rigakafi a kuma cika su duka a ranakun da aka rubuta. A kafaɗa a ke yinsu yanzu, zamanin allurar ciki ya wuce. Tun 1885, sa'ad da Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza, aka san cewa allurar da aka yi da wuri tana tare ciwon kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Addu'a da tofi a yi su a hanyar asibiti. Dabbar kuma kada a kashe ta a jefar, in ana iya tsare ta a tsare, likitan dabbobi ya lura da ita kwana 10, amma ba a jiran kwanakin nan kafin a fara allura. A kuma saba wa yara da faɗar gaskiya, don yaron da ya ke tsoron bulala shi ne ya kan ɓoye cizo har lokaci ya ƙure.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kira ga shugabannin jam'iyya da masu unguwanni su sa maƙeri ya ƙera keji guda ko biyu masu ƙofar ja, a ajiye a hannun amintaccen mutum kusa da masallaci, mai bukata ya ara ya mayar. A ware wani abu kaɗan daga asusun sadaka don kuɗin mota da na allura. Malaman makaranta su ɗauki darasi guda su karanta wa almajirai hadisan nan, su kuma karɓe danƙon da su ka gani a aljihu, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Masu kyanwa a gida su kai ta rigakafi tun tana wata 3, su riƙa sabuntawa yadda likita ya ce. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare a duniya, ya kamata sarakunan zongo su gayyaci ma'aikatan dabbobi su kafa tebur a filin unguwa. Wanda kuwa ba shi da halin ko ɗaya daga cikin waɗannan, ya ajiye kaskon ruwa a bakin ƙofarsa lokacin rani, ya hana ɗansa jifa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah ya sa tausayi a zukatanmu, ya tsare mu da zuriyarmu daga mugun ciwo. Amin.

Edita